Sunan da Na Kira a Rumfar Jirage

Kowannenku yana da irin nasa labarin wannan rana, kuma duk wanda ya zo kunnena sai in tarar an ƙara masa gishiri. Hadiza tana cewa na bar ta da tsohon ciki na tafi neman lada. Auta yana gaya wa abokansa wai na fizge lasifika daga hannun sojan Bature har na ture shi ƙasa, ni da galan ɗin mai ma sai an kama mini. Yayanku kuwa, wanda a kansa aka yi komai, in an tambaye shi sai ya yi murmushi ya shafa ƙafa. To tunda na ajiye aiki, gwiwa kuma ta zaunar da ni, bari in faɗa muku da bakina, ku daina yi wa tarihina kwalliya ina raye.

Shekarar da sojojin Turawa suka kwashe nasu-ya-nasu daga Afghanistan, muna zaune a unguwar Al Thumama ta nan Doha, a gidan nan da jirage ke bi ta kansa. Ni ina aikin nas a asibiti, na kusa ritaya, babanku yana koyarwa. Yayanku kuma yana can ƙasar da ake yaƙin. Ba soja ba ne, kada jikokina su ji su ɗauka wani jarumi ne mai bindiga. Mai gyaran janareta ne. Wani kamfani na nan Doha ya tura shi sansanin sojojin ƙetare ya riƙa kula musu da wuta, don Bature ko a bakin daga yake sai ya sha ruwan sanyi. Ranar da ya zo da maganar tafiyar na hana, na yi fushi, na ƙi cin abinci. Babanku ya ce namiji ne, a bar shi ya nema. Ya tafi, yana zuwa hutu yana komawa, kullum yana cewa can ɗin lafiya lau, ƙarar janareta ma ta fi ta bindiga damunsa.

Dole in tsaya in yi muku bayanin wani abu, domin ku a Doha kuka yi wayo, kuna kiran kowa da sunansa gatsal. Yayanku ɗan fari ne, kuma sunan kakanku, mahaifin babanku, aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta suruki. Kowa a dangi Baba yake ce masa. Ni ko Baban ma bai cika fita daga bakina ba, "yaron nan" nake cewa, in kuma yana kusa in ce "kai". Shi ya sa har yau ake ce mini Maman Hadiza alhali ba ita ce babba ba. Haka na ga uwata ta yi, kuma abin bai taɓa yi mini nauyi ba. In takarda ce zan rubuta sunan tsaf in miƙa, amma harshena bai taɓa ɗaukarsa ba tun ranar suna. Abokan aikina 'yan Filifin har sun taɓa tambayata ko faɗa muka yi da shi. Ina zan fara gaya musu cewa a wurinmu uwa tana kawar da kai daga ɗan fari, zuciyarta kuwa tana kansa? Ina son yaron nan ƙwarai, kuma yau ne karon farko da na faɗi haka a fili.

Maganar janye sojojin a nan garin aka yi ta ƙulla ta, a manyan otal-otal na bakin teku. Mukan wuce mu ga baƙaƙen motoci a jere, babanku ya rage gudu ya ce ga su can suna raba ƙasar mutane a kan shayi. Da aka ce an daidaita, sojoji za su tafi, na yi sujadar godiya, don a ganina tafiyar soja ita ce dawowar ɗana. Ashe ba haka ake tashi daga ƙasar da aka yi shekara ashirin a cikinta ba. Sojojin suka riƙa rufe sansani ɗaya bayan ɗaya, kamfanin ya mayar da yayanku babban birnin ya riƙe musu wasu injina har a gama kwashe kaya. Aka ce masa yana jirgi na gaba. Kafin jirgi na gaba ya zo, birnin ya faɗa hannun mutanen da aka daɗe ana yaƙa, jama'a suka ɗunguma filin jirgi. Saƙonsa na ƙarshe na murya ne, ina kicin ya shigo, da ƙyar nake jin sa saboda hayaniya.

"Mama, ina ƙofar filin jirgi. An ture ni cikin kwata, waya mai ƙaya ta ɗan yanke ni a ƙafa, jakata kuma ta tafi da fasfo. Amma ba komai, kada ki damu. Caji ya kusa ƙarewa."

Daga nan wayar ta mutu. Ni nas ce. Na san abin da "ta ɗan yanke ni" ke nufi a bakin yaron da ko zazzaɓi ya kayar da shi sai ya ce gajiya ce, na kuma san abin da ruwan kwata ke yi wa buɗaɗɗen ciwo a cikin zafi. Washegari muka je ofishin kamfanin a Mushairib. Wani mai kwat ya sa aka kawo mana gahawa da dabino, ya ce suna bibiya, in sha Allah. Na tambaye shi wa ke bibiyar, a ina, sai ya duba wayarsa. Muka fito na ce wa babanku mutumin nan bai san inda yaron yake ba.

A makon ne ya kamata in tashi zuwa Katsina. Hadiza tana can gidan mijinta, haihuwar fari, yau ko gobe. Akwatina a ɗaure, na yi mata alkawarin ni zan yi mata wankan jego da hannuna. Sai ga sanarwa a asibiti, cewa jiragen da ke kwaso mutane daga can a nan suke fara sauka, a sansanin soja na bayan gari, kuma ana neman nas-nas masu sa kai. Wata da ta riga ta je ta gaya mini yadda abin yake. Ana tara mutanen a rumfunan jirage, bayan ɗan lokaci a sake loda su zuwa ƙasashe masu nisa, wanda ba shi da takarda kuwa sai inda aka kai shi. Ga shi lokacin annoba ne, duk wadda ta shiga sai an killace ta bayan ta fito, babu maganar tafiya ko'ina. Na dawo gida na tarar da babanku a falo, na gaya masa na ba da sunana.

"Kin ba da me?"

"Sunana, Malam. Jibi zan shiga."

"Da hawan jininki? A wannan zafin? Wa ma ya ce miki ya hau jirgi? Ga yarinya can tana jiranki."

"Yarinya tana da gwaggonta da mijinta da asibiti a bayan gida. Shi wa yake da shi?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Babanku mutum ne mai son a bi tsari, a rubuta wa ofishin jakadanci a jira amsa, kuma ya rubuta ɗin, ban raina ƙoƙarinsa ba. Can ya ce in na faɗi a wurin fa? Na ce ai cikin likitoci zan faɗi. Bai yi dariya ba, amma ranar tafiyar na tarar ya jera mini magungunana a jaka da kansa. Kiran Hadiza ya fi wuya. Na gaya mata, sai ta ce,

"Shi ke nan, Mama. Dama Yaya ne ɗanki."

Ta kashe waya. Maganar ta soke ni, har yau in na tuna ina jin wurin, amma ban kwance shawarata ba.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba sai a Mina. Rumfuna manya-manya na ƙarfe, rana tana dukansu, ciki mutane kwance a kan gadajen soja da kwalaye. Mata da jarirai, tsofaffi da rawani, wani da kwat ɗinsa na ofis, wata tsohuwa butar shayi kawai ta fito da ita. Sojojin da muke jin labarinsu a rediyo, da na gan su kusa sai na tarar yara ne, wasu ba su kai Hadiza ba, idanu jajur don rashin barci, suna rabon ruwa. Manya sun sa hannu a otal, su an bar su da canza wa jarirai ƙunzugu. Aka sa ni ƙarƙashin wata likita 'yar Sudan, Dakta Amal, mace mai kaifin baki irina, shi ya sa muka shirya. Aikin ƙarin ruwa ne da wanke ciwo da karɓar haihuwa, tun safe har ƙafa ta kumbura, kuma ban yi ha'inci ba. Amma duk baƙin mutum da ya gitta sai gabana ya faɗi. Akwai su kuwa, 'yan Uganda da 'yan Kenya masu gadi da wanki. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san shi.

A kowace rumfa akwai soja mai lasifika da tafinta a gefensa, suna kiran waɗanda suka ɓace wa 'yan'uwansu. Na rubuta sunan na miƙa. Sojan ya karanta da harshensu, abin ya fito kamar sunan magani. Tafintan ya karɓa ya faɗa yadda mutanen ƙasar ke faɗa, sai ga maza sun taso ta ko'ina, dogo da gajere. Na manta cewa sunan annabi ne, kowane gida a can akwai mai shi. Suka kewaye ni suna zaton jirginsu ne ya zo, na ba su haƙuri da hannu, suka koma suna gunaguni. Sai dabara ta zo mini, irin wadda sai Bahaushiya. Na ce wa tafintan ya kira sunan gida, wanda ba mai shi sai shi, ya ce Baba. Ya dube ni.

"Sista, Baba?"

"Baba. Faɗa kawai."

Ya ɗaga kafaɗa ya faɗa. Wallahi rabin rumfar ta miƙe. Duk wani mai furfura, duk wani uban 'ya'ya, har da wani da ake turawa a keke, suka juyo suna nuna ƙirjinsu. Tafintan ya riƙe ciki don dariya, ya ce a wurinsu kowane uba Baba ne, kowane kaka Baba ne. Mutanen da suka kwana biyu ba su yi dariya ba suka yi ta yi, ni ma na yi, sannan na zaga bayan tantin magani na yi kuka mai isata.

A nan Awudu ya same ni, Awudun da kuka sani, mai kawo mana shito, yajin nan nasu, kowace sallah. A lokacin ban san shi ba. Direban bas ne ɗan Zangon Kumasi, yana cikin masu kwaso mutane daga bakin jirgi zuwa rumfuna. Ya ji ina salati ina sambatu da Hausa, ya tsaya da robar ruwa a hannu.

"Hajiya, kai Bahaushe ne? Me ya same ka?"

Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, da a wani wuri ne da na tsokane shi. Na gaya masa ɗana nake nema, baƙi, dogo, da ciwo a ƙafa. Ya ajiye robar.

"Shekaranjiya na ɗauki wani. Wani tsoho ya riƙe shi, an naɗe shi da mayafi irin nasu, na ɗauka mutuminsu ne. Amma da ƙafanshi ya bugi matakala, ya ce wayyo Allah. Na juya, mutane sun cika mota, soja na cewa yalla yalla, a yi sauri. Tun ran nan abin na damuna, Hajiya. Mutanen nan ba su cewa wayyo."

"Ina ka kai su?"

"Rumfa na ƙarshe, can bakin shingen waya. Amma yau za a kwashe su. An ce mu kawo motoci bayan azahar."

An kuwa riga an yi azahar. Na ruga wurin Dakta Amal ina haki, na ce mata ɗana. Ba ta tambaye ni komai ba, ta cire katin wuyanta ta rataya mini, ta ce yalla, in tafi, ita za ta riƙe layina. Awudu ya ɗauke ni, ni kaɗai a ƙatuwar mota, yana tuƙi yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Muka tarar an fara jera mutane, motoci a ƙofa. Waɗanda layi bai zo kansu ba suna kwance, kowa ya ja mayafi ya rufe har fuska saboda ƙuda, duk iri ɗaya. Na bi sahu na farko ina leƙe, na bi na biyu. Mace ba ta yaye wa namijin da ba nata ba mayafi, amma na yaye, aka harare ni, wani ya daka mini tsawa. Na duba tsawon rumfar na san ko zuwa magariba ba zan gama ba, motar farko kuma ta riga ta cika ta tashi. Na je wurin mai lasifika. Ban fizge ba, Auta, ka ji da kyau. Hannu na miƙa masa, ya dubi katin wuyana, ya dubi fuskata, ya ba ni.

Na kai ta bakina, sai sunan ya ƙi fita. Ku ba za ku gane ba. Shekara talatin da wani abu harshena yana kauce wa sunan nan, ga shi kuma sunan surukina ne, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba har ya koma ga Allah. Ji na yi kamar an ce in cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Na fara da cewa "kai yaron nan", lasifikar ta kwashe ta watsa, ba wanda ya motsa. Awudu yana gefena yana cewa, Hajiya, mota na biyu na cika fa. Na rufe ido, na ce Allah ka ga dalilina, na buɗe baki.

"Sulaimanu."

Muryata ta daki rufin ƙarfen ta dawo mini, ban ma gane ta ba. Da ya fita sau ɗaya kuwa sai kunyar ta kama gabanta. Na ja shi yadda ake jan kira daga bakin zaure a unguwarmu, har na haɗa da sunan babanku, tunda an fara ai sai a gama.

"Sulaimanu na Yusufu! Ni ce. In kana nan ka amsa mini."

Mutanen rumfar suka juyo suna kallon baƙar tsohuwa mai kururuwa da yaren da ba su sani ba. Can ƙurya, kusa da bango, wani tsoho ya miƙe tsaye yana kaɗa hularsa sama. Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na tsallake ƙafafu da jakunkuna, takalmina ɗaya ya fita ban waiwaya ba. Na iso na tarar da shi kwance a kan kwali, ya rame, leɓe ya fashe, jiki rau da zazzaɓi, ido a rufe. Yana ta ƙoƙarin ɗaga kai, bakinsa yana motsi. Na durƙusa na kai kunne.

"Na'am, Mama. Na'am. Na'am."

Na yaye mayafin na ga ƙafar. Ta kumbura har gwiwa, an ɗaure ta da tsumman rawani, ta fara wari. Na miƙe na shiga ba da umarni, Turanci da Larabci da Hausa duk a haɗe, a kawo gadon ɗauka, a kira motar asibiti, wannan ba ya hawa jirgin kowa. Wani hafsa ya zo yana cewa an riga an sa shi cikin iyalin tsohon, ba shi da takarda, sai an bi tsari. Na ce masa ni ce takardar. Ni na haife shi, gidanmu yana cikin garin nan, in yana son shaida ya dubi goshinsa ya dubi nawa. Ya duba kuwa, sannan ya ce wa yaransa su ɗauka. Sojojin babbar ƙasar duniya suka ɗauki ɗana, ina gaba da takalmi ƙafa ɗaya ina ce musu a hankali, ku bi nan, suna bi. Matan rumfar da suka gane abin da ya faru suka riƙa shafa hannuna ina wucewa, wasu suna kuka, wasu suna ɗaga hannu sama. Na ji daɗi har na ji na ƙara tsawo.

Tafinta ya fassara mini maganar tsohon a tsaye, don layinsu yana tafiya. Mai shara ne a wurin injinan. Injiniya kawai suke ce wa yayanku, bai ma san sunansa ba, shi ya sa duk kiran da aka yi a baya ya wuce shi. Tsohon ne ya jawo shi daga kwata, ya ce wa sojojin ƙofa ɗansa ne. Suka dubi fatar wannan suka dubi ta wancan, ba lokacin gardama, suka tura su ciki. Ya ce tun safe yaron bai san inda yake ba, ko ruwa sai an ɗura masa, amma muryata na tashi ya fara kokawar zama. Na cire zoben hannuna na miƙa masa, ya ƙi. Ya dafa kan yayanku ya yi masa addu'a, ya bi iyalinsa cikin mota. Ban san ƙasar da aka kai shi ba, amma kullum yana cikin addu'ata.

Likitoci suka ce da an ƙara kwana da sai dai a yanke, in ma an same shi da rai. Ba a yanke ba. Ƙafar nan da yake taka ƙwallo da 'ya'yansa yau ita ce. Aka killace mu a ɗaki ɗaya, wanda ya yi mini daidai. Da ya farfaɗo sosai ya gan ni a kujera, sai ya ce,

"Mama, na fa ɗauka na mutu. Na ji sunana a bakinki, na ce lallai an tashi ƙiyama."

"Rufe mini baki, kai yaron nan. Sha ruwanka."

"Ki ƙara faɗa sau ɗaya mana."

"Sai ka sake ɓata tukuna. In kuma ka sake ɓata, ni da kai ne."

Muna ɗakin nan Hadiza ta haihu. A waya na ga jikata, wata ce ta yi wankan jegon da na yi alkawari. Hadiza, na san kin yi naƙuda kina waiwayen ƙofa, na san abin da na rasa, kuma ba ya dawowa. Ba zan ce miki na yi nadama ba, don ƙarya ce. Amma ki sani, da ke ce a kan kwalin nan shi kuma yana gida cikin dangi, wurinki zan tafi ko da ƙafa. A kwanakin ne kuma jirgin soja na ƙarshe ya tashi daga can, muka kalla a talabijin. Masu tafiya suka ce sun gama aikinsu, masu karɓa suna harbi sama suna cewa sun kori baƙo. Ni dai tawa nasarar tana zaune a gabana, tana cin tuwon da babanku ya tuƙa ya aiko, duk gudaji.

Ranar da aka sallame mu yayanku ya shiga gida da sanda, amma da ƙafarsa. Hausawan Doha suka cika falo, 'yan Najeriya da 'yan Zango, Awudu a tsakiya yana ba da labari. Ba a jima ba maganar ta isa Katsina, kuma abin da ya fi yawo shi ne wai Maman Hadiza ta kama sunan surukinta da na mijinta a lasifika gaban sojojin duniya. Wasu dangin babanku suka ce zaman ƙasar waje ya cinye mini kunya. Ban kula su ba. Mutum ɗaya nake tsoro, kakarku Inna, matar mai sunan, wadda a lokacin ta haura tamanin, kuma ba a taɓa jin ta yi wa al'ada rangwame ba. Sai ga waya, aka ce Inna na son magana da ni. Na gyara ɗankwali, na durƙusa a tsakar falo na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"An ce kin kira sunan."

"Na kira, Inna. Ki gafarce ni."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi, Inna."

"Ya amsa?"

"Ya amsa."

Ina jin numfashinta da kukan akuya a bayanta. Sannan ta ce,

"Ni ranar da mai sunan yake cikawa, kansa a cinyata, na so in kira shi ko sau ɗaya. Bakina ya ƙi. Ke kin kira, an amsa miki. Ce su matso duka su ji."

Na buɗe muryar wayar, babanku da yayanku suka matso. Tsohuwar nan da ko magana sai ta huta, ta ja numfashi ta rangaɗa guɗa tun daga Katsina, siririya, tana rawa, ba ta tsaya ba sai da tari ya sarƙe ta. Babanku ya juya ga bango yana share ido. Ni kuwa, ina durƙushe a inda nake, na karɓa mata na ƙarasa.